Daga Damagaram zuwa Yamai a kan moto 125: raba ta biyu

Salamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya ko moto 125, wato mai ƙaramin inji na 125cc, za ta kai shi Yamai a yini ɗaya: moto za ta iya idan lafiyarta ƙalau, jikinka ne ba zai iya ba. Tafiyar kusan kilomita 900 ce. Ko kana zuba 70 a kan kwalta mai kyau, idan aka haɗa da ramuka, shingen jandarma, salla da shan mai, da wuya ka wuce kilomita 55 a awa. Ka ga awa 16 ke nan ko fiye, ƙarshenta cikin dare. Raba ta biyu, ka kwana a Ƙonni, wadda take kusan tsakiyar hanya.

Inji shi ne farkon abin dubawa. Waɗannan motocin iska ce ke sanyaya su, kuma man injin da ke cikinsu bai fi lita ɗaya ba. Ka yi juye kwana biyu kafin tashi da man inji mai lamba 20W-50, ka zagaya gari da ita don ka ga ko akwai yoyo. Ranar tafiya ba ranar fita daga hannun bakanike ba ce. A hanya kada ka murɗe maƙura ka riƙe. Kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta ya isa. Duk awa ɗaya da rabi ka tsaya minti 15 a inuwa, ka ciro sandar gwajin mai ka duba. Idan mai ya ragu ga zafi, fistan ne ke kamawa. Kuma kada ka watsa wa inji mai zafi ruwa, ƙarfen yana iya tsagewa.

Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 kana zaune a kai da kayanka. In ta ɗaure da yawa tana cin haƙora, in ta saki tana zamewa. Mai kaɗan za ka ɗiga mata, ka goge sauran, domin mai da rairayi idan suka haɗu sai su riƙa goge ta kamar dutsen niƙa. Iskar taya da safe ake gwada ta, taya na sanyi. Lokacin hunturu ka buɗe matatar iska a Maraɗi ka kakkaɓe; in ta toshe moto za ta yi nauyi, ta sha mai, buji ya yi baƙi.

Shan mai yana kaiwa lita 3 a kilomita 100 idan da kaya. Cika tanki a gidan mai a Tasawa ko Maraɗi. In dole ta sa ka sayi na 'yan ruwa-ruwa, tace shi da tsumma mai tsabta, don datti kaɗan ke toshe kafireta. Ka ɗauki buji, tib, faci, famfo, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa da sifana 10, 12, 14, 17.

Abin da mutane ke rainawa shi ne rana. Yamma ka dosa, don haka daga la'asar tana cikin idonka, daidai lokacin da dabbobi ke dawowa daga kiwo suna tsallaka hanya. Tashi bayan asuba, ka huta daga azahar idan bazara ce, ka sauka kafin magariba. Sha ruwa a kowane zango ko ba ka jin ƙishirwa. Iska na busar da gumi ba ka sani ba. Goro da shayi ba sa maganin barci, jinkirta shi kawai suke yi. Da ka ga ka wuce gari ba ka tuna shigarsa ba, sauka ka kwanta. Hular kwano mai gilashi wajibi ce, rawani ba ya tare kwalta.

Takardun moto da katinka su kasance a aljihun gaba. Kafin ka wuce Dosso ka tambayi direbobi a tasha, domin akwai yankunan jihar Tilaberi da hukuma ta taƙaita zirga-zirgar moto saboda tsaro. Allah ya kai ka lafiya.