Takardar da kake nema tana da ranar mutuwa

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka har sau biyu, minti bakwai cur. Na ji batun ejan ɗin da ka samu a Kaduna, wanda ya ce zai samo maka aikin shekara biyu a Kanada idan Kawu ya sayar da gonar bakin rafi an ba shi kuɗin. Na kuma ji inda ka ce, "Yaya, ai in ta ƙare sabuntawa kawai ake yi, kamar lasisin tuƙi." A nan na tsayar da saƙon na ajiye wayar. Kai ne na huɗu da ya faɗa mini wannan magana tun bayan babbar sallah, don haka zan ba ka amsa a fili, sauran ma su karanta. Na gaji da maimaita abu ɗaya da tsakar dare bayan na wuni a tsaye ina walda.

Abin da ake ba ka idan ka sauka, takardar izinin aiki ce guda ɗaya da jami'i zai buga ya miƙo maka a filin jirgi. A jikin irin tawa akwai sunan kamfanin da ya ɗauke ni, da garin da zan yi aikin, da sana'ar, da ranar da za ta mutu. Ba ka da ikon yi wa wani aiki da ita, ko da na rabin wuni ne. Kuma ba biza ba ce. A ƙasanta ma an rubuta cewa ba ta ba ka izinin sake shigowa ƙasar ba idan ka fita. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ni kuskurena na farko tun daga gida na taho da shi. An amince wa kamfanin ya ɗauke ni na wata 24, amma da na karɓi takardar a Toronto cikin watan Maris na 2022, sai na ga wata 14 kawai aka ba ni. Na ɗauka jami'in ne ya yi kuskure. Ya juyo mini fasfona ya ɗora yatsa a kan ranar mutuwarsa. Ba sa ba da izinin da zai wuce kwanakin fasfo, ko da kwana ɗaya. Na yi wa kaina rowar sabunta fasfo kafin in taho, ina ganin ai da sauran lokaci. Wannan rowar ta ja mini tafiya daga Saskatoon, inda nake aiki, har Ottawa don sabunta fasfon, kusan kilomita 3,000 in ta mota ne, da kuɗin jirgi, da na masauki, da kwana ukun da ba a biya ni ba a wurin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ba ka ɗauki komai daga rubutun nan ba, je ka yi fasfo mai shekara goma.

Kuma kafin ka yi, zauna ka baza takardunka a tabarma ka duba sunanka. Mu Hausawa wannan ne ciwonmu. A shaidar makaranta kai Mohammed ne, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a fasfo an maƙala maka sunan gari a matsayin sunan mahaifi, ranar haihuwa kuma wani wuri 1 ga Janairu, wani wuri abin da hedimasta ya ga dama ya rubuta. A gida wannan abin a yi dariya a wuce ne. A nan kowane harafi da ya bambanta sai ka rubuta wasiƙar bayani a kansa.

Fom ɗin sabuntawar kansa, wanda hukumar shige da ficensu ta IRCC ta sa wa lamba IMM 5710, ba shi da tsawon da zai tsorata mutum. Ta intanet ake turawa. Na biya dala 155 na Kanada, hoton yatsu kuma dala 85 ne amma yana shekara goma, don haka wanda na yi tun a gida ya wadatar. Inda aikin yake shi ne gaskiya da daidaito. Za a tambaye ka abin da ka yi a shekara goma da suka wuce, wata bi wata, ba a son giɓi. Zaman da ka yi a shagon Kawu bayan ka gama bautar ƙasa, shi ma sai ka rubuta. Abin da ka rubuta yau kuma dole ya yi daidai da abin da aka rubuta a fom ɗinka na farko, domin yana nan a ajiye a wurinsu. To idan ejan ne ya cike maka na farkon, ya ƙirƙiro maka shekara biyar a kamfanin da ba ka taɓa taka ƙofarsa ba, bai kuma ba ka kwafi ba, me za ka rubuta ranar sabuntawa? Akwai tambayar ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. Ni Ingila ta hana ni a 2017, na rubuta, ba abin da ya faru. Wanda ya ɓoye aka gano, hukuncinsa shekara biyar ba shiga ƙasar, kuma ba ruwansu da cewa ejan ne ya cike. Sa hannunka ne a ƙasa.

Sabuntawa ta biyu ce ta nuna mini cewa tsugune ba ta ƙare ba. Da shekara biyun suka zo ƙarshe, sai an sake samo takardar da ake kira LMIA, wato shaidar da gwamnati ke ba kamfani cewa ya nemi ɗan ƙasa a wannan gurbin bai samu ba. Ba kai ke nemanta ba, mai kamfani ne. A lokacina sai ya yi tallan aikin na aƙalla mako huɗu, ya biya dala 1,000 daga aljihunsa, ya jira amsa. Kai naka ido. Na fara yi wa maigidana tuni tun saura wata shida. Kullum sai ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu. Ina tsaye da hular walda a hannu, a bakin ofishinsa mai ɗumi, waje kuwa sanyi ya haura digiri 30 ƙasa da sifili, ina roƙon mutum ya cike takardar da shi ma amfaninsa ce. A lokacin ni nake gyara ɗinkin ƙarfen da wasu suka ɓata, amma sai na bi shi kamar mai neman bashi. Da ya tashi yi, sai ya ce ko za a riƙa cire dala dubun nan daga albashina kaɗan-kaɗan. Na ce masa doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Ya yi shiru, ya biya, amma ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ka lura da wannan: kuɗin da doka ta hana a karɓa a hannuna ina cikin ƙasar, shi ejan ɗinka yake so a sayar da gona a ninka masa.

Takardar LMIA ta fito saura kwana tara izinina ya mutu, alhali su shawararsu ita ce ka tura aƙalla kwana 30 kafin ranar. Na tura a daren. Wani abokin aikinmu, ɗan zangon Kumasi, da muke Hausa da shi lokacin cin abinci, shi tasa sai a ranar ƙarshe ta zo. Ya tashi aiki, ya yi sallah, ya zauna ya tura da ƙarfe takwas na dare, a tunaninsa yana da sauran awa huɗu. Ashe na'urarsu ba da agogon garinmu take lissafi ba, da agogon duniya na UTC take yi, kuma sha biyun darensa ƙarfe shida na yamma ne a Saskatchewan. Awa biyu ya makara. Da haka ya zama marar izini. Doka ta ba shi kwana 90 ya nemi a maido masa da matsayinsa, da ƙarin kuɗi sama da dala 200, amma ba shi da damar taɓa aiki har sai an amsa. Mu muka riƙa haɗa masa kuɗin haya. Mutum mai 'ya'ya uku a gida, na gan shi yana ƙirga gwangwanin wake a kicin.

Ni da na tura a kan lokaci, sai na shiga abin da suke kira maintained status. Ma'anarsa, takardarka ta mutu amma kana da damar ci gaba da aikinka, a wuri ɗaya, da sharuɗɗa ɗaya, har a ba ka amsa, matuƙar ba ka fita daga ƙasar ba. A baki abin da daɗi. A zahiri lambar aikinka ta SIN, wadda ke farawa da 9 ga irinmu baƙi, ranar mutuwarta ɗaya da ta takardar. Katin asibiti ma haka. Duk inda ka je sai ka zaro wasiƙar da ke nuna kana jira, ka yi wa yarinyar da ke kan tebur bayanin dokar ƙasarta.

Ina cikin wannan jiran Baba ya rasu, kwana shida bayan ƙaramar sallah. Kai kana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ka fi ni sanin yadda ranar ta kasance. Jana'iza dai na san ba zan samu ba, kafin in kai filin jirgi an rufe shi. Amma na so a ce ina zaune a ƙofar gida ana zuwa ana yi mini gaisuwa kamar kowane ɗa. Na so in ga Inna. Na buɗe kwamfuta zan sayi tikiti, sai na tsaya na yi lissafi. In na fita, damar aikin nan ta tsaya har sai an amsa. Bizar da ke cikin fasfona kuma ta mutu tare da takardar, ba jirgin da zai ɗauko ni ya dawo da ni, ita kuma sabuwa sai izinin ya fito ake nemanta. Kuɗin makarantar ƙannena huɗu da maganin Inna duk a kan albashin nan suke. Na rufe kwamfutar. Washegari na je aiki, na sauke gilashin hular a fuskata, ban ɗaga ba sai da aka tashi. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, ina kallo a waya. Na ji abin da wasu suka riƙa faɗa, wai na samu duniya na manta da gida. Izinin ya fito a watan Yuli. Na sake cike wani fom na biza, na biya dala 100, na aika fasfona ta gidan waya na jira. Ranar da na shiga ɗakin Inna, ta riga ta fita takaba. Wannan ita ce sabuntawar da ka ce kamar ta lasisin tuƙi.

Kuma ni a lokacin sauƙi na zo. Daga 26 ga Satumban 2024 an mayar da izinin ayyukan ƙaramin albashi shekara ɗaya maimakon biyu, an kuma daina karɓar buƙatar LMIA ta irin waɗannan ayyuka a manyan biranen da rashin aikin yi ya kai kashi 6 cikin ɗari, sai a 'yan fannoni kamar noma da gini da kiwon lafiya. Don haka ka tambayi mutumin naka wane aiki ne, a wane gari, nawa ne albashin awa, da har yake yi maka alkawarin shekara biyu. Dabarar da mutane ke yi a da, su je bakin iyakar Amurka su juyo a buga musu sabuwar takarda nan take, an toshe ta a Disambar 2024. Makin da ake ƙara wa mai tayin aiki a tsarin Express Entry na neman zama na dindindin, shi ma an cire shi a Maris na 2025, saboda cinikin LMIA ya yi yawa. In ka ce to bari ka bi ta karatu, izinin aikin da ake ba wanda ya gama makaranta sau ɗaya ake bayarwa a rayuwa, bai wuce shekara uku, in ya ƙare ya ƙare.

Ban ce kada ka zo ba. Ni na zo, kuma alhamdu lillahi ban ji kunya ba. Na zauna jarrabawar Red Seal ta masu walda na ci a zama ɗaya, lardin Saskatchewan ya zaɓe ni, yanzu ina da katin zama na dindindin. Maigidan da nake tsayawa a bakin ofishinsa, da na ce zan tafi shi ya biyo ni har wurin ajiye motoci yana maganar ƙarin albashi. Ban tsaya ba. Amma da sana'a a hannuna na zo, shekara tara ina walda a Kakuri kafin in hau jirgi, kuma kowane fom da hannuna na cike, kwafinsa yana nan cikin jaka a ƙarƙashin gado. Kai me za ka riƙe ranar da takarda ta kusa mutuwa, mai kamfani ya fara kau da kai?

Ga abin da nake so kafin Juma'a. Turo mini hoton shafin farko na fasfonka da na katin ɗan ƙasa in gwada sunayen. Ka ce wa ejan ɗin ya ba ka cikakken sunan kamfanin, da garin, da lambar lasisinsa. Masu ba da shawarar shige da fice da Kanada ta amince da su lambarsu da harafin R take farawa, kuma akwai rajistarsu a intanet, minti biyu ya ishe ni in duba. In ya fara cewa ai shi da wani babba yake aiki, ka tashi ka bar masa ofishinsa. Ka je ka yi rajistar jarrabawar Turanci ta IELTS, kuɗin ni zan biya. Ka gaishe da Kawu, ka ce masa na ce don Allah kada ya sa hannu a takardar gonar nan sai mun yi magana ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.