Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mabiyiya Take Saɓa wa Ɗan Tayi a Yawan Kuromosom?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina ɗauke da juna biyu, kuma da cikin ya kai mako 12 aka yi mini gwajin jini wanda ya nuna alamar ƙarin kuromosom guda a jikin abin da ke cikina. Hankalina ya tashi ƙwarai. Da ya kai mako 16 aka ɗebi ruwan da ɗan tayin yake ciki aka auna, sai aka ce kuromosom ɗinsa daidai suke, wataƙila a mabiyiya kaɗai matsalar take. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ashe ba daga ƙwai ɗaya mabiyiya da jariri suke fitowa ba? Ta yaya za su bambanta, kuma wane sakamako zan riƙe?

Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Gaskiyarki ne, asalinsu ɗaya. Kuromosom su ne ƙananan ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halittar jiki. Ƙwan mace yana zuwa da kuromosom 23, ƙwayar maniyyi ta zo da 23, su haɗu su ba da ƙwayar halitta guda mai kuromosom 46, wadda daga gare ta ne jariri da mabiyiyarsa duka suke samuwa. Sai dai hanyarsu tana rabuwa da wuri. Wajen kwana 5 da haɗuwar, ƙwayoyin sun riga sun zama ɗan dunƙule mai rami a tsakiya: na bangon waje su ne za su gina mafi yawan mabiyiya, 'yan kaɗan da suka taru a ciki kuwa daga cikinsu ɗan tayi zai fito.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, dole ta kwafi kuromosom ɗinta ta raba su daidai, kuma a waɗannan kwanaki na farko kuskure yakan auku, ɗaya ta tafi da 47, ɗaya da 45. Idan ƙwayar da ta sami ƙarin ta faɗa cikin rukunin da zai zama mabiyiya, zuriyarta za ta yaɗu a can, ɗan tayi kuma ya tsira da 46 ɗinsa. Masu bincike biyu a Kanada, Dagmar Kalousek da Fred Dill, su ne suka bayyana wannan yanayi a 1983, kuma ana samunsa a kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gwaje-gwajen da ake tsakuro ɗan naman mabiyiya a farkon ciki.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi ba ni mamaki, kuma ita ce ta fi buƙatar a kula. Wani lokaci tun daga ƙwan ko maniyyin ƙarin yake zuwa, cikin ya fara da 47, sannan wata ƙwaya ta zubar da ƙarin ta koma 46, ɗan tayi kuma ya fito daga zuriyarta, a bar mabiyiya da 47. Lissafi ya daidaita, amma da sauran magana, domin kowace lambar kuromosom biyu-biyu take, ɗaya na uwa ɗaya na uba; ƙarin ya mai da wata lamba uku, a cikin ukun nan biyu daga ɓangare ɗaya suke, kuma ƙwayar ba zaɓa take yi ba. Idan ta zubar da na ɗaya ɓangaren, wanda a lissafi yakan faru sau 1 cikin 3, yaron zai gaji biyun duka daga uwa ko duka daga uba. A yawancin kuromosom wannan ba ya haifar da komai, amma a na 6, 7, 11, 14, 15 da 20 yana da tasiri. Misali, idan na 15 duka biyun na uwa ne, ana samun larurar Prader-Willi, wadda ke shafar girman yaro da ƙwaƙwalwarsa.

Game da wane sakamako za ki riƙe, ki san cewa gwajin jinin nan ba jaririn yake aunawa kai tsaye ba. A 1997 Dennis Lo da abokan aikinsa suka gano ɓurɓushin DNA (sinadarin gado da ake gina kuromosom da shi) na abin da ke cikin yana yawo a jinin mai juna biyu, kuma daga baya aka tabbatar cewa daga fatar mabiyiya yake zubowa. Saboda haka gwajin muryar mabiyiya yake ji, shi ya sa ake ɗaukarsa gwajin tantancewa kawai. Tagwaye da ɗaya ya lalace da wuri, ko wani bambanci a ƙwayoyin uwar kanta, su ma sukan sa ya nuna abin da babu. Ƙwayoyin da ke cikin ruwan kuwa daga fatar ɗan tayi da hanyar fitsarinsa suke fitowa, don haka sakamakon mako 16 shi ne ya fi kusa da gaskiyar halin jaririnki. Yana damuna ƙwarai in ji an yanke wa ciki hukunci bisa gwajin jini kaɗai.

Ita mabiyiya dama ba jiki ba ce mai ƙwayoyi iri ɗaya. Wani bincike da Cibiyar Wellcome Sanger da Jami'ar Kambirij suka wallafa a mujallar Nature a 2021 ya nuna cewa kusan kowane yanki nata yana da nasa sauye-sauyen gado dabam da na maƙwabcinsa, tamkar zane mai faci-faci. A ganina hakan bai rasa nasaba da gajeren zamanta ba, domin wata tara take aiki a gama da ita, ta jure kurakuran da jikin jariri ba zai jure ba.

Mafi yawan cikin da ke da wannan yanayi yakan tafi lafiya har haihuwa. Inda ake ƙara sa ido shi ne idan ƙarin ya mamaye babban ɓangaren mabiyiya, musamman a kuromosom na 16, domin yakan rage mata ƙarfin ciyar da ɗan tayi, a sami ƙarancin girma, haihuwa kafin lokaci ko hawan jinin masu ciki. Don haka ki tambayi likitanki lambar kuromosom ɗin da aka gani. Idan yana cikin shidan da na ambata, ki nemi a duba ko biyun jaririn duka daga uwa suke ko duka daga uba. Ki kuma riƙa zuwa hoton ciki don bin girmansa, ana auna hawan jininki a kowane zuwa. Bayan haihuwa ana iya auna mabiyiyar don tabbatarwa, amma sai an tsakuro daga wurare da dama, tunda wuri ɗaya yana iya nuna 46 alhali na gefensa yana da 47.