Basma da katin mada ba su ne lambar 666 ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko basmar (hoton yatsa) da aka ɗauka don iƙamarki (katin izinin zama) a nan Jidda, da katin mada, wato katin banki na Saudiyya da shaguna suka fi so, su ne alamar dabbar nan mai lamba 666 ta Wahayin Yahaya 13 a Littafi Mai Tsarki. A'a, ba su ba ne, ki kwantar da hankalinki. Ki sake karanta surar daga farko: alamar da ake sa wa a hannun dama ko goshi tafe take da sujada, mutum ya yi wa dabbar mubaya'a da saninsa. Jami'in Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, bai ce ki musanta Almasihu ba, yatsa kawai ya ce ki ɗora a gilashi. Masana da yawa ma na ganin 666 lissafin sunan sarkin Roma Nero ne da haruffan Ibrananci, shi ya sa wasu tsoffin kofe suka rubuta 616, lissafin wata hanyar rubuta sunan.

Ni kaina na sha wannan fargabar. A 2021, da aka hana shiga kasuwa sai da manhajar waya ta Tawakkalna ta nuna an yi rigakafin korona, wani bidiyo a WhatsApp ya hana ni barci kwana uku, har na fara harhaɗa kaya zan koma Kafanchan. Mahaifiyata ce ta tuna min a waya cewa haka aka tsorata su da layukan farashi na jikin gwangwanin madara, haka kuma da shigowar shekarar 2000. Abin da zai sa in ce ki ƙi ɗaya ne: ranar da aka ce sai kin bar bangaskiyarki kafin ki sayi burodi. Ki je ki sabunta iƙamarki kafin tara ta hau kanki.