An gayyace ni gwajin beta na wani wasan intanet, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma na daɗe ina buga wasannin nan da mutum ke ƙirƙirar jaruminsa ya shiga duniyar wasa tare da dubban jama'a ta intanet. Kwanan nan saƙo ya shigo mini ta imel cewa an zaɓe ni cikin masu gwajin beta na wani wasa da bai fito kasuwa ba. Me ya kamata in fara yi, kuma abin da na tara lokacin gwajin zai bi ni idan wasan ya fito?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka danna komai a cikin saƙon, tambayi kanka ko ka taɓa yin rajistar neman shiga gwajin, domin kamfanoni ba su cika gayyatar wanda bai nema ba, kuma saƙon gayyatar ƙarya tsohuwar dabara ce ta masu satar asusun 'yan wasa. Ka rufe imel ɗin, ka buɗe shafin kamfanin da hannunka, ka shiga asusunka ka duba. Kamfanin Blizzard, mai wasan World of Warcraft, yana nuna izinin gwaji a cikin asusun Battle.net na mutum, haka nan a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ana neman izini ne ta wani maɓalli da ke shafin wasan, idan an amince sai wasan ya bayyana a jerin wasanninka. Duk saƙon da ya nemi kalmar sirrinka, ko ya ce ka tura wa wani mutum kuɗi kafin a ba ka lambar shiga, to ka share shi kawai.

Idan gayyatar ta tabbata, sai ka gane irin gwajin da aka kira ka. Akwai rufaffen gwaji, wanda mutane ƙalilan ake zaɓa, akwai kuma buɗaɗɗe da kowa zai iya shiga, wanda galibi manufarsa a cika sabobin kamfanin, wato manyan kwamfutocin da wasan ke gudana a kansu, da jama'a a ga nauyin da za su iya ɗauka. Rufaffen gwaji yakan zo da yarjejeniyar riƙe sirri, wadda ta hana ɗaukar hoton allo, yaɗa bidiyo, wani lokaci har da ba abokai labarin abin da ka gani. Na san yawancinmu mukan danna amincewa ba tare da karantawa ba, amma wannan takarda ta cancanci minti goma, saboda wasu kamfanoni suna saka alamar asusunka a kan allo, ta yadda hoto ɗaya da ya fita ya isa a gano mai shi a kore shi.

Game da abin da za ka tara, ka ɗauka cewa za a goge shi, sai dai in kamfanin ya faɗi akasin haka a rubuce. Wasan New World na kamfanin Amazon ya fara rufaffen gwajinsa ranar 20 ga Yuli, 2021, kuma da ya fito ranar 28 ga Satumba na shekarar, kowa daga farko ya fara. Akan samu togaciya, kamar yadda Square Enix ya yi da Final Fantasy XIV a 2013, inda aka raba gwajin zango huɗu, aka bar jaruman da aka ƙirƙira a zango na ƙarshe suka wuce zuwa ainihin wasan da ya fito ranar 27 ga Agusta. Irin wannan ba shi da yawa. A ganina, sanin cewa za a goge komai alheri ne gare ka, domin yana ba ka damar gwada mayaƙi yau, gobe mai warkar da 'yan tawaga, jibi maharbi, ba tare da tsoron yin zaɓen tumun dare ba. Wanda ya kwashe kwanakin gwaji yana tara zinariyar wasa ya yi aikin baban giwa.

Sai batun na'ura. Ka gwada bayanan kwamfutarka da mafi ƙarancin abin da kamfanin ya gindaya, ka sabunta manhajar katin hotonka, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, sannan ka shiga saitin wasan tun ranar farko ka ƙayyade yawan hotunan da yake fitarwa a daƙiƙa, misali 60. Dalilin wannan shawara shi ne abin da ya faru a gwajin New World, lokacin da wasu katunan hoto samfurin RTX 3090 ƙirar kamfanin EVGA suka mutu ana cikin wasa. Daga baya kamfanin EVGA ya ce aibin daga wajen ƙera wasu katunan ne, ya musanya wa masu su, Amazon kuwa ya ƙayyade yawan hotunan da shafukan zaɓi na wasan ke fitarwa a daƙiƙa. Wasan da ba a gama gyara shi ba yana iya wahalar da na'ura fiye da kima.

Tunda a Zariya kake, ka yi lissafin data da wuta. Irin waɗannan wasanni sukan kai gigabait gommai, kuma lokacin gwaji ana yawan turo gyara, don haka idan an ba da damar sauke wasan kafin ranar buɗewa, ka yi amfani da ita cikin dare. Ka zaɓi sabar Turai, domin ta fi ta Amurka kusa da mu, jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin jarumi zai ragu. Ka kuma lura da agogo: kamfanoni da dama da lokacin gabar yammacin Amurka suke sanarwa, wanda Najeriya ke gaba da shi da awa 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa 9 a sauran watanni.

Abin da kamfanin ke buƙata daga gare ka shi ne rahoton tangarɗa, kuma a nan ne mafi yawan masu gwaji ke gazawa. Rubuta cewa wasan ya lalace ba ya taimakon injiniya da komai. Ka faɗi wurin da kake a taswira, irin jarumin da kake riƙe da shi, abin da ka danna a jere, abin da ka yi tsammani da abin da ya auku, tare da bayanan na'urarka. Kafin ka aika, ka sake bin matakan ka ga ko matsalar za ta maimaitu, domin tangarɗar da ake iya sake haifarwa ita ake fara gyarawa. Ka raba tsakanin kuskure da ra'ayi: takobin da ya ɓace daga jakarka kuskure ne, amma cewa wani dodo ya yi wuyar kashewa ra'ayi ne, kuma yawanci kowanne da inda ake aika shi. Idan ka gano wata kafa da ke ninka kuɗi ko kaya, ka sanar da kamfanin ta hanyar da ya tanada, kada ka yaɗa ta, domin cin moriyar irin wannan kafa yana cikin laifuffukan da ake rufe asusu a kansu, wani lokaci har bayan wasan ya fito.