'Yata ta daina cin abinci, ina tsoron asibiti ya ɓata mana takardu

Wata 'yar uwa, nas ce a Ingila da bizar Health and Care, ta rubuto cewa 'yarta mai shekara 15 ta rame sosai, tana ɓoye abinci a aljihun jakar makaranta, al'adarta ta ɗauke, da dare kuma ta farka tana ihu tun bayan da 'yan fashi suka tare su a hanya kafin su taso. Saura kaɗan su nemi zaman dindindin. Wani ejan ya ce mata in sunan yarinyar ya shiga fayil ɗin masu taɓin hankali to ILR, wato zaman dindindin ɗin, ya tafi, har ma a ƙwace mata ita, amma wai yana da "therapist" mai zaman kansa da ba ya rubuta komai. Surukarta kuma ta dage a turo yarinyar gida a yi mata addu'a ta yi ƙiba, maigidan ya yi shiru.

Maman yarinya, sannu, Allah Ya ba ta lafiya. Gobe da safe ki kira GP, wato likitan unguwa da kuka yi rijista da shi, ki ce kina zargin ciwon ƙin cin abinci ne, anoreksiya, ki lissafa masa komai yadda kika lissafa mini, ki nemi a auna nauyinta da bugun zuciya da jini, a tura ta wurin tawagar da ke kula da wannan ciwo a yara da matasa. Ƙa'idar NHS, hukumar asibitocin gwamnati, a Ingila ita ce a fara wa yaro magani cikin mako 1 in abin na gaggawa ne, mako 4 in ba na gaggawa ba, ba kullum suke cikawa ba shi ya sa sai kin matsa, kuma wurare da dama uwa na iya kiran tawagar da kanta ba sai ta jira GP ba. In ta suma, ko ƙirji na mata ciwo, ko ta kasa miƙewa daga tsugune, ko bugun zuciyarta ya yi ƙasa da 40, sai sashen gaggawa na asibiti (A&E) kai tsaye, ke nas ce kin fi ni sanin wannan. Anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, kuma mai ita takan rantse lafiyarta ƙalau.

Maganar ejan ƙarya ce tsagwaronta. Magani a NHS ba ya cikin abin da Home Office, ma'aikatar da ke kula da biza, ke kira public funds, wato tallafin gwamnati da aka hana masu biza karɓa, kuma bizarki ta ba ki da iyalinki damar zuwa asibiti. Abin da na ga yana rusa mutane shi ne takardar bogi. Na ga matar da ejan ya haɗa da wani mai kiran kansa likita, ta yi watanni tana biya ana hira da yaronta ta bidiyo yana ƙara lalacewa, da asibiti suka karɓe shi tambayar farko da suka yi ita ce me ya sa aka ɗau wannan lokaci. Na ga wanda aka sayar wa rahoton ciwon firgici na ƙarya don ya ƙarfafa fayil ɗinsa, aka gano, kuma yaudara a takardu na iya jawo hana shiga ƙasar har shekara 10. Su ma'aikatan kare yara da kike tsoro, uwar da ta kawo 'yarta da ƙafarta ba ita ke ɗaga musu hankali ba, wadda ta ga alamu ta ɓoye ita ce, wato daidai abin da ejan ke so ki yi.

Ki sani a Ingila kowa ma na iya buga kati ya rubuta therapist ko counsellor, doka ba ta hana ba. Amma clinical psychologist da dietitian dole sunansu ya fito a rijistar HCPC, hukumar rijistar ma'aikatan lafiya, likitan ƙwaƙwalwa kuma a ta GMC, hukumar likitoci, duk a intanet suke kyauta, minti biyar ya ishe ki. Shi kansa ejan ki tambaye shi lambar rijistarsa ta Immigration Advice Authority, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar biza, wadda ake kira OISC kafin 2025, ko ta lauya. In ya fara kame-kame kin gane.

Abin da za ki tarar a wurin ƙwararrun ba ɗaure yarinya ba ne. Jagorar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani, ta 2017 ta sa maganin iyali a gaba ga matasa, ma'ana ke da babanta ne za a koya wa zama da ita a tebur, ku kuke zuba abincin ku ƙayyade yawansa, ta yi kuka ta ce kun tsane ta, ku zauna ba faɗa ba roƙo har ta cinye, bayan nan a zauna da ita kada ta wuce banɗaki ta amayar. Sau shida a rana galibi, manya uku ƙanana uku. Aiki ne mai cin rai, ki fara magana da manajarki kan shif tun yanzu. Shi kuma firgicin yana da nasa magani, CBT na musamman ko EMDR, duka maganin zama ne da ƙwararre, amma yawanci sai jiki ya ɗan dawo tukun, ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ba ta iya wannan aikin. Kada ki tsare ta da tambayar me ta gani ranar, ki dai tabbatar kin gaya wa tawagar tun zaman farko.

Sai Hajiya surukarki. Ban ce ba ta ƙaunar jikarta ba, amma a nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Addu'a ana yinta daga ko'ina, ta yi daga can ku yi daga nan, ba ta hana magani ba. Abin da take shirin yi, a cusa wa yarinyar abinci da yawa lokaci guda, shi ne haɗarin, jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka ɗura masa abinci sinadarin fosfet na jini kan faɗi zuciya ta rikice, shi ya sa likitoci ke ƙarawa a hankali suna gwada jini. Ga kuma mayar da ita kan hanyar da ta firgita ta ba ke a kusa. In kika bi yarinyar gida kika daɗe, ki tuna wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12 na iya karya miki lissafin ILR ɗin da ake cewa ana karewa.

Kuma bari in faɗa wa maigida ta bakinki: shirun nan ba biyayya ba ne, tsoron maganar mutane ne, ana gudun a ce 'yar wane ta taɓu. Haƙƙin yarinyar nan a wuyansa yake, ba a wuyan dangi ba, shi ya kamata ya kira mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce likita ya hana tafiya, ba a bar ki da wannan faɗan ba. Ki tafi da shi ganin GP ya ji da kunnensa. Ƙungiyar Beat, mai taimaka wa masu irin wannan ciwo, na da layin taimako na iyaye, ki kira su yau kafin ki kwanta, lambar ejan kuma ki toshe ta.