Likita, mene ne od, bd, tds da 1/12 a takardar maganin mahaifiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga. Makon jiya na kai ta asibiti saboda ciwon kai da zafin ƙirji, aka rubuta mana: Amlodipine 10mg od x 1/12, Metformin 500mg bd x 1/12, PCM 1g tds x 3/7, sai TCA 4/52 a ƙasa. A katinta kuma na hango k/c HTN/DM da ?PUD. Ƙanena ya ce 1/12 na nufin ƙwaya ɗaya da ƙarfe 12, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me waɗannan suke nufi, kuma don Allah me ya sa ba kwa rubutu yadda mai jinya zai gane? Daga wata mai karatu a Kurna, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Kin kyauta da kika tsaya kika tambaya. Ƙanenki ma ba laifinsa ba ne, duk wanda ya ga 1/12 agogo zai fara faɗo masa a rai, amma ba lokacin sha ake nufi ba, tsawon kwanakin shan maganin ne.

Ki riƙa duba lambar ƙasa. Mako kwana 7 ne, shekara kuma mako 52 ce ko wata 12. Idan kin ga 7 a ƙasa kwanaki ake ƙirgawa, 52 makonni, 12 watanni. Ke nan 3/7 kwana uku ne, 1/12 wata ɗaya, 4/52 mako huɗu. TCA kuwa cewa aka yi ku dawo, wato Hajiya ta koma ganin likita bayan mako huɗu. A nan ina so ki buɗe kunne sosai, domin nan ne nake ganin masu hawan jini suna tuntuɓe kusan kullum. Wata ɗayan nan ba yana nufin in ya cika an warke ba. Magani ne aka ba da gwargwadon abin da zai kai ta ranar komawa. Hawan jini da suga ba zazzaɓi ba ne da ake shan magani kwana uku a tashi. Sau da yawa dattijo zai shanye na wata guda, ya ji garau, ya ajiye kati a ƙarƙashin katifa, sai bayan wata biyar a shigo da shi ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye.

Sai od, bd da tds. Waɗannan daga harshen Latin suka fito, mun gaje su ne daga tsarin karatun likitanci na Ingila. Od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu. Wasu likitocin suna rubuta bid, tid, qid, ma'anar ɗaya ce. Nocte da dare in za a kwanta, mane da safe, stat a sha ko a yi allurar yanzu-yanzu sau ɗaya, prn sai in buƙata ta taso, kamar in ciwo ya motsa. Po ta baki, IM allurar tsoka, IV ta jijiya.

Amma sanin fassarar kaɗai bai wadatar ba. "Sau biyu a rana" yana nufin tazarar kusan awa 12, "sau uku" kusan awa 8. Magani yana shiga jini, ya yi aikinsa, hanta da ƙoda su fitar da shi, kuma an tsara tazarar ne don kada ya ƙare a jiki kafin na gaba ya iso, kada kuma ya taru ya yi yawa. Na taɓa duba wani bawan Allah mai shago a Kantin Kwari da aka rubuta wa 1x3 a jikin ledar magani. Da na tambaye shi yadda yake sha, sai ya ce yana haɗa ukun ne ya kora da shayi da safe kafin ya fita, don in ya shiga kasuwa mantuwa yake yi. A ganinsa ai ukun dai sun shiga ciki. Ranar na zauna na zana masa a bayan takarda: ƙarfe 6 bayan ya dawo daga Asuba, ƙarfe 2 bayan Azahar, ƙarfe 10 in zai kwanta. Tun daga nan da lokutan salla nake yi wa mutane bayani, don su ne agogon da ba a mantawa da shi a garin nan.

To ga na Hajiya dalla-dalla. Amlodipine na hawan jini ne, ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 a rana, ku tsayar da lokaci guda ku riƙe. In kin ga ƙafarta ta ɗan kumbura wajen idon sawu, yana iya zama daga maganin ne, ki gaya wa likita, kada ku daina da kanku. Metformin na suga ne, sau biyu, kuma tare da abinci, ɗaya da karin kumallo ɗaya da abincin dare, saboda a kan yunwa yana tayar da zuciya, wani lokaci har da gudawa. PCM shi ne farasitamol ɗin da kika sani. Giram 1 miligiram 1000 ne, wato ƙwaya biyu masu 500 a duk sha, sau uku a rana, kwana uku kawai. Babba ba ya wuce giram 4 a awa 24, in an wuce hanta ce ke ɗaukar dukan. Ki lura, magungunan mura da yawa da ake saye a kemis akwai farasitamol a cikinsu, kada a haɗa mata biyu ba a sani ba.

Abin da kika hango a kati kuma, k/c na nufin an riga an san tana da ciwon, HTN hawan jini, DM ciwon suga. PUD gyambon ciki ne, olsa. Amma ki dubi alamar tambayar da ke gabansa. In likita ya sa wannan alama, zato yake yi, bai tabbatar ba. Na sha ganin an karanta irin wannan a gida, an yanke hukunci, dangi sun shiga kawo jiƙe-jiƙe, alhali likitan tunatar da kansa kawai ya yi ya bincika. Abin da zan ce miki a kai shi ne, tunda ana zargin olsa, ki nisanta ta daga ibuprofen, diclofenac da haɗin "maganin ciwon jiki" da ake ƙullawa a leda ba suna. Suna cinye bangon ciki, suna tayar da hawan jini, suna kuma wahalar da ƙodar mai suga. In kin ga bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ta yi aman jini, ko zafin ƙirjin ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, kada ku jira mako huɗun nan, a wuce sashen gaggawa a daren ko a ranar.

Tambayarki ta ƙarshe tana da nauyi, kuma ba zan kare mu gaba ɗaya ba. Gaskiya ne wannan rubutu saƙo ne tsakanin likita, nas da mai ba da magani, kuma wanda ya ga layin da ke Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano da safiyar Litinin ya san dalilin da ya sa hannu ke neman gajeriyar hanya. Akwai ma wasu haruffan da muke sawa da gangan don rufa wa mara lafiya asiri, kuma ba zan fassara su a nan ba. Shi ya sa ba na son a riƙa ɗaukar hoton katin mutum ana turawa a zauren WhatsApp na dangi ana neman mai fassara. Amma gajeriyar hanyar tana da nata haɗarin, har a tsakaninmu. Od ɗin da na ce sau ɗaya a rana, a asibitin ido yana nufin idon dama. Bid sau biyu ne a takardar magani, amma BID a rajistar sashen gaggawa yana nufin an kawo mutum rai ya riga ya yi halinsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne harafin U da ake sawa bayan adadin insulin, allurar masu ciwon suga. In hannu ya yi sauri, 10U sai ya koma kamar 100, kuma wannan kuskure yana kisa. Saboda irin haka ne a 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci a Amurka ta fitar da jerin taƙaice-taƙaicen da ta hana rubutawa, har da U ɗin nan da QD, wato sau ɗaya a rana. Ni a ra'ayina, duk maganin da kuskurensa ke iya kai mutum kabari, a rubuta shi cikakke, ko da layi ya kai bakin titi.

Kuma bayani haƙƙinku ne, ba alfarma ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da harshen da yake ji in hakan zai yiwu. Kada ki bar tagar ba da magani sai kin ɗaga kowace leda kin tambaya: na mene ne, ƙwaya nawa, sau nawa, kafin abinci ko bayansa, har yaushe. In an rubuta 2x3, ki tabbatar ƙwaya biyu sau uku ake nufi, ba uku sau biyu ba. Ki sa a rubuta miki da Hausa a jikin ledar, ko ki rubuta da kanki a gabansa, da boko ko da ajami, ki karanta masa ya ji. Mai ba da magani na kirki ba ya jin haushin wannan.

Ranar komawa mai yiwuwa a rubuta mata FBS, gwajin suga ne kafin a ci komai, ana so ta yi aƙalla awa 8 ba abinci, ruwa zalla ba ya ɓata shi. RBS shi ne wanda ake yi a kowane lokaci. E/U/Cr na duba ƙoda ne, PCV yawan jini, MP ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ku fita da wuri, ki riƙe mata abin karyawa a jaka don ta ci da zarar an ɗebi jinin, sannan ta sha metformin ɗinta. Ki zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya ki tafi da su, har da na gargajiya da wanda maƙwabta suka kawo, likita ya gani da idonsa. In kuma azumi ya kusa, ko tana yin na Litinin da Alhamis, ki faɗa a wannan zaman, a tsara mata yadda za ta sha tsakanin buɗa-baki da sahur.