Tambaya da Amsa: Wai Turawa sai da suka ajiye addini suka farka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki. Ni ɗalibi ne a lise, wato sakandare, nan Garwa, an mana darasi kan Ranesans wato farkawar Turai, malaminmu yace Turawa basu ci gaba ba sai da suka ajiye addini gefe suka kama ilimi da zane. Da na je rumfar kawuna a kasuwa na faɗa masa sai yace ƙarya ne, ilimin Musulmi suka sace a Andalus. Dan Allah wa zan bi, ga jarrabawa ta matso. Ɗalibi daga Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kowanne cikinsu akwai gaskiya a bakinsa, gishiri ne dai yayi yawa.

Ranesans kalmar Faransanci ce, ma'anarta sake haihuwa, kuma abin ya faro ne a biranen Italiya tun ƙarni na 14, musamman Fulorans, inda wasu masana suka shiga tono tsofaffin littattafan Girkawa da Rumawa suna cewa ilimin kakanninsu ne ya mutu zasu tayar da shi. To bari mu fara da malaminka. Ka tambaye shi cikin ladabi, wa ya biya kuɗin zanen? Michelangelo shekara huɗu yayi, 1508 zuwa 1512, a tsaye kan katakai kansa a ɗage fenti na ɗiga masa a fuska yana zana rufin wata majami'a a Batikan, kuma Fafaroma Juliyus na 2 ne ya sa shi aikin, abin da ya zana kuwa halittar Annabi Adamu ne da ruwan ɗufana. Mutum-mutumin da ya sassaƙa da dutse mai tsayin sama da mita 5 ya gama a 1504, na Annabi Dawuda ne a fahimtarsu. Babbar ƙubbar da Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436, wadda har yau ita ake fara hangowa a Fulorans, ta coci ce. Kaga ke nan mutanen nan basu yar da addini ba, a cikin cocin ma aka yi yawancin aikin.

Abin da ya kamata a faɗa maku a aji shi ne kuɗi. Fulorans garin masaƙa ne da 'yan banki, gidan Medici sun buɗe bankinsu a 1397 har suka zama masu riƙe wa Fafaroma kuɗi, daga nan mulkin garin ya dawo hannunsu ba tare da an naɗa masu rawani ba. Kuma cocin ta haramta riba kamar yadda muke haramta ta, shi yasa Cosimo, babban gidan, ya dinga zuba dukiya wajen gyaran gidan ibada na San Marko da tara littattafai, ana ganin har da neman wanke kai. Kai ma ai ka san irinsu, attajirin da zai gina masallacin Juma'a a unguwa ya ɗauki nauyin malamai, lada yake nema amma kuma baya ƙin a ambaci sunansa. Mai zane a lokacin kamar mai algaita ne a ƙofar Lamido, wanda ya ciyar da shi shi yake wa aiki.

Inda malaminka yake da gaskiya shi ne an samu rikici, amma rikicin tsakanin masu addinin ne su da kansu. Wani mai wa'azi Savonarola ya tayar da Fulorans yana cewa an lalace, a 1497 mabiyansa suka tara madubai da kayan kwalliya da littattafai da zane-zane a dandali suka cinna wuta, shekara na zagayowa shi ma aka rataye shi aka ƙona gawarsa a dandalin nan. Sai 1517, ana sayar da takardun yafe zunubi don a samu kuɗin ginin cocin Bitrus a Roma, wani malamin coci a Jamus Martin Luther ya fito da hujjoji 95 yana suka, kuma Fafaroman lokacin Leo na 10 ɗan gidan Medici ne. Injin buga littafi da Gutenberg ya haɗa wajen 1450 shi ya watsa maganar kamar wutar daji, daga nan Kiristocin Turai suka rabu Katolika da Furotesta. Mai maganar raba siyasa da wa'azi a fili shi ne Machiavelli, wani marubuci ɗan Fulorans, da ya rubuta a 1513 cewa gara a ji tsoron sarki da a so shi in dai ba za a samu duka biyun ba.

Shi kuma kawu, ka gaishe shi, amma kalmar sata tayi nauyi. An fassara littattafan Larabci zuwa Latin a Toledo ta ƙasar Sifen tun ƙarni na 12, littafin likitanci na Ibn Sina an karantar da shi a jami'o'in Turai har ƙarni na 17, lambobin da kake rubutu da su wani Ba'italiye Fibonacci a Bijaya ta Aljeriya ya koyo su ya rubuta littafi a 1202, takarda ma daga Sin ta biyo ta hannun Musulmi. Kuma basu ɓoye ba, Raphael ya zana Ibn Rushd da rawaninsa cikin manyan masana a bangon fadar Fafaroma. Sai dai sun ɗora nasu a kai. Ka tsaya a bakin gadar Binuwai ka dubi ɗaya ƙarshen, zaka ga gefe biyun kamar zasu haɗe kuma 'yan moto na ƙanƙancewa suna nisa, to Ibn al-Haisam yayi bayanin yadda ido ke gani, su kuma Italiyawa suka mayar da abin lissafi da layi har bango shafaffe ya zama kamar ɗaki mai zurfi. A jarrabawa ka rubuta abin da ke littafinku, ka ƙara da waɗannan shekarun, ba malamin da zai rage maka maki.

TAMBAYA: Malam wai a wancan zamanin Turawa sun san da mu kuwa? Wata 'yar uwa daga Kusiri.

AMSA: Sun ji labari Hajiya. Wani Bamaroke haifaffen Garnaɗa ta Andalus, Alhasan al-Wazzan, 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka miƙa shi ga wannan Leo na 10, aka masa baftisma aka sa masa sunan Fafaroman. A Italiya ya rubuta littafi kan Afirka, aka buga a Benis a 1550, ciki ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau da Barno. Kuma lokacin da Lorenzo na Medici ke juya Fulorans, Muhammadu Rumfa ne sarkin Kano, shi ne al-Maghili ya rubuta wa nasiha kan yadda ake riƙe sarauta, tun kafin Machiavelli ya rubuta nasa.